Tallafin Baitulmali ga 'Yan Takarar Ƙananan Zaɓuka: Nazarin Tsarin Biranen New York da Seattle

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda wasu biranen Amurka ke ba 'yan takarar magajin gari da na kansila kuɗi daga baitulmali domin yaƙin neman zaɓe. An ɗauki birnin New York, inda hukuma ke ninka ƙaramar gudummawar da mazaunin birni ya bayar, da birnin Seattle, inda ake raba wa mazauna tikitin kuɗi su miƙa wa ɗan takarar da suke so. An bi tarihin dokokin biyu, da hukunce-hukuncen kotu da suka shata musu iyaka, da abin da ya auku a zaɓuka daga 1989 zuwa 2025. Maƙalar ta gano cewa tallafin bai kori attajirai daga fagen siyasa ba, sai dai ya ƙara yawan talakawan da ɗan takara ke buƙata kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ta kuma gano cewa ƙarfin tsarin ya rataya ne a wuyan hukumar da ke iya hana mai riƙe da mulki kuɗi idan ya saɓa doka. A ƙarshe an auna wannan da abin da Nijeriya ta taɓa gwadawa.

1.0 Gabatarwa

Ƙaramin zaɓe ba ya cin kuɗi kamar na gwamna ko shugaban ƙasa, amma a nan ne kuɗi ya fi saurin sayen abin da yake so. Kansila ko magajin gari shi ke da baki a kan filin da za a ba izinin gini, da kwangilar kwasar shara, da lasisin kasuwanci. Jama'a ba su cika fitowa ƙananan zaɓuka ba, 'yan jarida ma ba su cika sa ido ba. Saboda haka ɗan kwangila ɗaya na iya ɗaukar nauyin kamfe ɗin kansila gaba ɗaya da abin da bai kai ribar aiki guda ba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan ita ce matsalar da tallafin baitulmali ke neman warwarewa: a samar wa ɗan takara wata hanyar samun kuɗi wadda ba za ta bar shi da bashin mutum ɗaya a wuya ba.

Tambayoyi uku maƙalar ke son amsawa. Yaya tsarin yake aiki a aikace? Me ya sauya, me kuma ya gagare shi? Wane sharaɗi ne idan babu shi tsarin ba zai tsaya ba?

2.0 Iyakar da Kotu ta Shata

Ba za a fahimci siffar waɗannan tsare-tsare ba sai an san abin da Kotun Ƙolin Amurka ta hana. A shari'ar Buckley da Valeo ta 1976, kotun ta ce kashe kuɗi a kamfe wani ɓangare ne na 'yancin faɗin albarkacin baki, don haka gwamnati ba ta da ikon ƙayyade wa ɗan takara abin da zai kashe. Tana iya ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ba shi, tana kuma iya yin ciniki da shi: ga kuɗin baitulmali, idan ka karɓa ka amince da iyaka. Shi ya sa duk tsarin tallafi a Amurka na ganin dama ne, wanda ya ga zai iya da aljihunsa sai ya yi gaba abinsa.

Hukunci biyu sun ƙara matse tsarin. Na farko, na shari'ar Citizens United a 2010, ya buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago hanyar kashe ko nawa ne don tallata ɗan takara ko sukarsa, muddin ba su haɗa baki da shi ba. Daga nan ne ƙungiyoyin da ake kira Super PAC suka yawaita. Na biyu, a 2011 kotun ta soke tanadin jihar Arizona da ke ƙara wa ɗan takara mai karɓar tallafi kuɗi a duk lokacin da abokin hamayyarsa mai arziki ya zarce shi. Ke nan doka ta yarda a ɗaga na ƙasa zuwa wani mataki, amma ba ta yarda a ja na sama ƙasa ba.

3.0 Tsarin Ninkin Gudummawa na New York

3.1 Asalinsa

Wani abin kunya ne ya haifi tsarin New York. A 1986, zamanin magajin gari Ed Koch, aka bankaɗo cin hanci a ofishin karɓar tarar ajiye motoci, wanda ya shafi manyan 'yan siyasar birnin, ciki har da Donald Manes, shugaban gundumar Queens, wanda ya kashe kansa a watan Maris na shekarar. A 1988 majalisar birnin ta kafa dokar kuɗin kamfe, tare da hukumar da za ta kula da ita. An fara aiki da dokar a zaɓen 1989.

Da farko dala ɗaya ake ɗorawa a kan kowace dala, har zuwa dala 1,000 na farko da mutum ya bayar. Wannan ya fi amfanar mai ba da dubu. A 1998 aka koma ninki huɗu a kan dala 250 na farko, aka kuma haramta karɓar kuɗi daga kamfanoni. A 2007 aka kai shi ninki shida a kan dala 175, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta 2018 jama'a suka amince da ninki takwas. Duk gyaran da aka yi hanya ɗaya ya bi: a ƙara yawan ninkin, domin ƙaramar gudummawa ta yi nauyi.

3.2 Yadda Yake Aiki

Kafin mai neman kansila ya ga ko sisin kwabo daga baitulmali, sai ya tara dala 5,000 daga aƙalla mutum 75 mazauna mazaɓarsa. Mai neman magajin gari kuwa sai ya tara dala 250,000 daga aƙalla mazauna birnin 1,000. Wannan ita ce rariyar da ke tace masu takarar wasa.

A ɗauki misalin mai neman kansila a zaɓen 2021. Wata maƙwabciya ta tara masa mutum ashirin a falonta, ya yi musu bayani, suka yi masa tambayoyi a kan hayar gida da makarantar unguwa, kowa ya ba da dala 25. Wanda ya ba da tsabar kuɗi sai ya cike kati da sunansa da adireshinsa, ya sa hannu, kuma tsabar ba za ta wuce dala 100 ba. An tashi da dala 500. Hukuma za ta ɗora dala 4,000, kuɗin ya zama 4,500. Washegari wani attajiri ya rubuta masa cakin dala 1,000, iyakar abin da doka ta yarda mutum ɗaya ya ba mai neman kansila da ya shiga tsarin ninki takwas a wannan shekara. Dala 175 na farko kaɗai za a ninka, watau a ɗora 1,400, jimla 2,400. Zaman falon ya kusan ninka cakin attajirin. Idan kuma attajirin yana da kwangila ko wata mu'amalar kasuwanci da birnin, dala 250 ce iyakarsa, kuma ba a ninka ta ko kaɗan.

Abin da ɗan takara ke bayarwa a madadin haka shi ne amincewa da iyakar kashe kuɗi, wadda ta kasance dala 190,000 ga kansila a kowane zagaye na zaɓen 2021, da buɗe littattafansa ga masu bincike kafin zaɓe da bayansa. Masu neman muƙaman birni baki ɗaya kuma dole su halarci muhawarar bainar jama'a.

3.3 Abin da Ya Sauya

Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga binciken da cibiyar Brennan da cibiyar nazarin kuɗin kamfe ta Michael Malbin suka fitar a 2012. Sun kwatanta masu ba da ƙaramar gudummawa ga 'yan takarar kansila a 2009, inda ake ninki, da masu ba 'yan takarar majalisar jiha a 2010, inda a lokacin ba a yi. Birni ɗaya ne, unguwanni ɗaya. Sun samu cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙananan shiyyoyin ƙidaya na birnin suna da wanda ya ba ɗan takarar kansila, alhali kimanin kashi 30 ne kawai ke da wanda ya ba ɗan takarar majalisar jiha. Bambancin ya fi fitowa a unguwannin talakawa irin su Bedford-Stuyvesant.

Ana yawan kafa hujja da zaɓen 2021, inda mata suka ci kujeru 31 cikin 51, karon farko da suka yi rinjaye a majalisar birnin. A nan ya kamata a yi hattara. A wannan shekarar dokar ƙayyade wa'adi ta sauke yawancin kansiloli, an fara amfani da tsarin jera 'yan takara bisa fifiko a zaɓen fid da gwani, kuma ƙungiyoyin mata sun yi shekaru suna shiri. Tallafin ya taimaka wajen sa su iya tsayawa, amma ba shi kaɗai ya kai su ba.

Game da tsada, an biya kimanin dala miliyan 127 a zaɓen 2021, a birnin da kasafin kuɗinsa na shekara ya kusan dala biliyan 100.

4.0 Tsarin Tikiti na Seattle

Ninki yana da rauni guda: wanda ba shi da dala 25 ta kyauta ba abin da za a ninka masa. Seattle ta nemi toshe wannan gurbi. A Nuwamban 2015 mazauna birnin suka amince da a ƙara harajin gidaje da filaye don tara dala miliyan 3 a shekara har tsawon shekara goma. Da wannan kuɗi ake aika wa kowane mai rajistar zaɓe tikiti huɗu, kowanne na dala 25. Mutum zai rubuta sunan ɗan takara, ya sa hannu, ya miƙa masa ko ya aika wa hukumar ɗa'a da zaɓe ta birnin, ita kuma ta tantance sa hannun kafin ta biya. An fara a 2017 da wasu kujerun kansila da na lauyan birni, aka shigar da kujerar magajin gari a 2021. Wasu masu gidaje sun kai ƙara cewa ana tilasta musu ɗaukar nauyin ra'ayin da ba nasu ba, amma Kotun Ƙolin jihar Washington ta kori ƙarar a 2019. A Agustan 2025 mazauna birnin suka sabunta harajin.

Binciken Jennifer Heerwig da Brian McCabe ya nuna cewa yawan masu ba da gudummawa ya ninka sau da dama, kuma masu amfani da tikiti sun fi kama da ainihin jama'ar birnin idan aka kwatanta da masu ba da tsabar kuɗi. Duk da haka, waɗanda ke mayar da tikitinsu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma tsofaffi da masu hali da waɗanda dama ba sa fashin zaɓe su suka fi yawa a ciki. Yawancin tikitin na ƙarewa ne a kwandon shara tare da takardun talla. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: kasafin bai isa a biya kowane tikiti ba da kowa zai yi amfani da nasa. Tsarin yana tsaye ne a kan iyakar da aka sa wa kowane ɗan takara, da kuma sanin cewa mafi yawa ba za su shiga ba.

5.0 Abin da Ya Gagari Tsarin

Attajiri Michael Bloomberg bai taɓa shiga tsarin New York ba. Da aljihunsa ya ci zaɓen magajin gari sau uku, a 2009 kuma ya kashe sama da dala miliyan 100, alhali abokin karawarsa William Thompson bai kashe ko kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Bloomberg ya ci, amma da tazarar da ba ta kai kashi biyar cikin 100 ba. A Seattle, kamfanin Amazon ya zuba kusan dala miliyan ɗaya da rabi a zaɓen kansiloli na 2019 ta hannun ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma yawancin waɗanda aka mara wa baya suka faɗi. A zaɓen fid da gwani na kujerar magajin gari na jam'iyyar Democrat a New York a Yunin 2025, ƙungiyar Super PAC mai goyon bayan tsohon gwamna Andrew Cuomo ta tara sama da dala miliyan 20, fiye da miliyan 8 daga ciki daga Bloomberg. Zohran Mamdani, wanda ya dogara da ƙananan gudummawa da ninkin hukuma, ya kai iyakar kusan dala miliyan 8 tun watan Maris, har ya roƙi magoya bayansa su daina aiko da kuɗi. Shi ya yi nasara a Yuni, ya kuma ci babban zaɓe a Nuwamba.

Waɗannan misalai ba su nuna cewa ƙaramin kuɗi kullum yana kayar da babba ba. Abin da suka nuna shi ne akwai wani mataki da idan ɗan takara ya kai, jama'a sun ji shi, kuma kuɗin da aka ƙara bayan nan amfaninsa raguwa yake yi. Aikin tallafin shi ne kai mutum wannan mataki.

6.0 Hukumar Sa Ido

Duk inda dala ɗaya ke jawo takwas, mai son zamba zai samu ƙwarin gwiwa. Hanyar da aka fi bi ita ce aron suna: attajiri ya raba kuɗinsa ga ma'aikatansa ko danginsa, kowa ya bayar da sunansa, a ninka. Masu binciken hukumar New York suna zama ne da katunan gudummawa ɗaya bayan ɗaya. Suna duba ko rubutun hannu ɗaya ne a kati goma, ko takardun aika kuɗi masu lambobi a jere sun fito daga mutanen da ba su san juna ba, ko adireshin da aka rubuta gida ne ko shago, ko ƙananan ma'aikatan kamfani ɗaya sun ba da adadi iri ɗaya a rana ɗaya.

Gano zamba abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da hukunta mai ƙarfi, kuma a nan ne tarihin New York ya fi ba da darasi. Hukumar na da mambobi biyar: magajin gari na naɗa biyu, shugaban majalisar birni biyu, kuma kowanne cikinsu ba zai ɗauko mutum biyun daga jam'iyya ɗaya ba. Shugaban hukumar magajin gari ke naɗa shi bayan tuntuɓar shugaban majalisa, kuma wa'adinsu ba ya ƙarewa lokaci ɗaya. A 1993 hukumar ta ci tarar kamfe ɗin magajin gari mai ci, David Dinkins. Dab da zai sauka Dinkins ya sauya shugabanta, Fada Joseph O'Hare, shugaban jami'ar Fordham, amma surutun jama'a ya sa aka mayar da shi. A 2013 ta hana John Liu, mai binciken kuɗin birnin kuma ɗan takarar magajin gari, tallafin miliyoyin daloli bayan kotu ta samu mutum biyu na kusa da kamfe ɗinsa da laifin aron suna, ko da yake shi kansa ba a tuhume shi ba. A Disamban 2024 ta hana magajin gari mai ci, Eric Adams, bayan masu gabatar da ƙara na tarayya sun tuhume shi da karɓar gudummawa ta haramtacciyar hanya, ciki har da daga wasu 'yan Turkiyya. Adams ya musanta, kuma a Afrilun 2025 kotu ta kori shari'ar bisa buƙatar ma'aikatar shari'a. Hukumar ba ta sauya matsayi ba.

Wannan iko yana da nasa haɗarin. Magoya bayan Liu sun ce mutum biyar da ba wanda ya zaɓe su sun kashe takararsa makonni kaɗan kafin zaɓe. Sabbin 'yan takara kuma na kukan cewa ƙa'idojin sun yi yawa har sai sun ɗauki akanta ko lauya, kuma binciken bayan zaɓe kan ɗauki shekaru. Koke ne mai tushe, kuma maganinsa saurin sauraron ƙara da taimaka wa ƙananan 'yan takara wajen cike takardu. Amma hukumar da ba ta iya cewa a'a ga magajin gari, kuɗin da take rabawa zai zama ƙarin guzuri ne ga wanda dama ke riƙe da mulki.

7.0 Ina Nijeriya ta Tsaya?

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan batu. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiri jam'iyyun SDP da NRC, ta ba su kuɗi, ta gina musu ofisoshi a hedikwatocin ƙananan hukumomi. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 228, ya ba Majalisar Tarayya damar ware tallafin shekara-shekara ga jam'iyyu ta hannun INEC. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce a raba kashi 10 daidai wa daida, kashi 90 kuma bisa yawan kujeru a Majalisar Tarayya. Jam'iyyu sun yi ta ƙaruwa, daga uku a 1999 zuwa 50 a 2007, aka yi ta zargin wasu don tallafin kawai aka kafa su, kuma dokar 2010 ta cire shi. Bambancin a fili yake. A Nijeriya kuɗin ya bi ta hannun shugabannin jam'iyya, bisa rajista ko kujerun da aka riga aka ci. A New York da Seattle ɗan ƙasa ne ke nuna inda kuɗin zai tafi.

A matakin ƙananan hukumomi 774 matsalar ta ma riga kamfe farawa. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa iyakar naira miliyan 30 ga mai neman shugabancin ƙaramar hukuma a Abuja, da miliyan 5 ga kansila. A 2024 hukumar zaɓen jihar Kano ta sanar da kuɗin fom naira miliyan 10 ga ciyaman da miliyan 5 ga kansila, har batun ya kai kotu. Kuɗin fom kaɗai ya kai abin da dokar tarayya ta ga ya ishi kansila yin kamfe gaba ɗaya. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, jihohi sun yi rige-rigen gudanar da zaɓe, kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ta kwashe kujerun. Gwamna ne ke naɗa mambobin hukumar zaɓen jiha. Idan aka damƙa wa irin wannan hukuma rabon tallafi, an san inda zai nufa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tallafin baitulmali ya faɗaɗa da'irar masu ba da gudummawa a biranen biyu, ya ba marasa ubangida damar tsayawa takara, kuma kuɗin da yake ci kaɗan ne a ma'aunin kasafin birni. Bai hana attajiri kashe dukiyarsa ba, kuma bai jawo mafi yawan talakawa ba ko da an kai musu tikiti har gida. Sharaɗin da ya riƙe shi shi ne hukuma mai cin gashin kanta, wadda aka gwada ta a kan masu mulki ta kuma tsaya.

Saboda haka shawarar maƙalar ga Nijeriya ta shafi jeri ne. A fara da rage kuɗin fom a hukumomin zaɓe da jam'iyyu, domin wannan tallafi ne da ba ya buƙatar a fitar da ko kwabo. A biyo da raba naɗin hukumar sa ido tsakanin ɓangarori fiye da ɗaya, da tilasta bayyana sunan duk mai ba da gudummawa ta asusun banki. Bayan waɗannan ne za a iya gwada ninki, kuma wurin da ya fi dacewa shi ne ƙananan hukumomi shida na Abuja masu mazaɓu 62, tunda INEC ce ke gudanar da zaɓensu, ba hukumar da wani gwamna ya naɗa ba. Sakamakon zaɓe biyu a can zai ba masu bincike alƙaluman da za su yi muhawara a kansu kafin a yi maganar jihohi.